Ranar da Idon Tsohuwa Ya Buɗe

Ruwanmu ba ya tafiya. Duk wanda aka haifa a Xochimilco ya san wannan tun yana goye. In ka jefa ɓawon lemo a bakin gonarku da safe, da yamma za ka tarar da shi nan yana jiranka, sai fa in iska ta tura shi ko wani kwale-kwale ya ratsa. Shi ya sa ranar da na ga kainuwa tana wuce mu ita kaɗai, gabana ya faɗi tun kafin in gane abin da nake kallo.

Saura kwana huɗu bikin matattu. Ni da mahaifina, Don Macario, mun taso daga chinampa ɗinmu, wato gonarmu ta tsakiyar ruwa, da hantsi za mu kasuwa, kwale-kwale cike maƙil da tukwanen furen nan rawaya da ake kaiwa kaburbura. Wata uku muna rainonsu. Ina zaune a gaba, shi yana tsaye a baya da sandar tuƙi, kamar kullum. Shekararsa saba'in da tara, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ba ya ganin komai sai bambancin haske da duhu, amma in kana son faɗa da shi ka ce ya ba ni sandar. Aikina in ce masa ga wani nan tafe ta dama, shi kuma ya ce ai ya ji shi tun ina hamma. Da taɓon ƙasan ruwa yake gane inda muke. Ya caka sanda, ya ji yadda ta nutse, ya gaya maka gonar wa muke wucewa da kuma ko mai ita malalaci ne.

Ni sunana Herlinda, amma a unguwa Barkono suke ce mini, wai saboda bakina. Ban damu ba. Macen da mijinta ya tafi arewa neman aiki ya manta hanyar dawowa, ta tsaya ita kaɗai da gona da tsohon makaho mai taurin kai, in ba ta yi baki ba a kanta za a taka a wuce.

Safiyar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, dogayen itatuwan ahuejote sun jeru a gefen kowace gona, balbelu a kansu, duwatsun kudu kuma sun fito tas. A ɓangarenmu babu manyan jiragen fenti da ke ɗaukar 'yan birni da makaɗa da kwalaben giya. Mu sai gonakin latas da furanni da kukan tsuntsaye. Duk ƙasar da kake gani a nan da hannu aka yi ta. Kakanninmu ne suka riƙa kwaso laka daga ƙasan tafki kwando-kwando suna jibgawa a kan ciyawa, suka dasa itatuwa su riƙe gefe, tun kafin Sifaniyawa su zo da dawakai da ƙararrawar coci. Baba yakan faɗi wannan kamar da shi aka yi aikin.

Amma labarin da ya fi so shi ne na idanun ruwa. Na ji shi ya fi sau dubu. A da, in ji shi, ko'ina a ƙasan nan ruwa ke ɓulɓulowa, kowane ido da sunansa, babban cikinsu kuwa Idon Tsohuwa. Ruwa garai-garai, kana hango yashi yana rawa can ƙasa. Duk shekara unguwa kan fita da gicciye da furanni, a je a zuba masa, a roƙi albarka. Sai birni ya shimfiɗo bututu ya fara zuƙa. Idanun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Idon Tsohuwa ne na ƙarshe, lokacin Baba yana da shekara goma sha ɗaya. Ruwan da muke tuƙi a kai yanzu wanda birni ya gama amfani da shi ne ya tace ya dawo mana da shi, kore shar, ko kare sai ƙishirwa ta kai masa wuya yake sha. Tsofaffinmu dai sun ƙi yarda cewa idon ya mutu. Sun ce fushi ya yi ya runtse, wata rana zai buɗe. Duk lokacin da muka zo kwanar da yake, Baba sai ya cire hularsa, ni kuwa in kawar da kai don kada in faɗi abin da zai ɓata masa rai.

To, muna cikin lungun da ke kaiwa kwanar ne na ga kainuwar. Babu iska, ko ganye ɗaya ba ya motsi a saman itatuwa, amma ga ta nan tana bin gefenmu tana wucewa. Ba ita kaɗai ba. Robar lemo, guntun katako, fikafikan agwagwa, duk hanya ɗaya suke bi, gaba. Na dubi gaɓa sai na ga saiwoyin itatuwa sun fito waje, a jiƙe, baƙi ƙirin, wajen taki guda sama da ruwa. Jiya da yamma ruwa ya rufe su.

Na ce, "Baba, dakata."

"Me kuma? Kin manta tamal ɗinki na kalaci a gida?"

"Ruwan nan tafiya yake."

Ya yi dariya. "Mu ne ke tafiya, 'yata. Haka kwale-kwale yake, tun zamanin kakanki."

"Ba wasa nake ba. Kainuwa tana wuce mu."

Zai sake tsokanata sai ya yi tsit. Ya karkatar da kai kamar kaza tana sauraro. Ni ma na kasa kunne, da ƙyar na jiyo. Wani sauti ne can gaba, bayan kwanar, ƙasa-ƙasa, ɓul-ɓul-ɓul, kamar ana tuttula ruwa daga babban tulu. Ban taɓa jin irinsa a ruwanmu ba, tsikar jikina ta tashi.

Baba ya cire hularsa a hankali.

"Herlinda. Kin ji?"

"Na ji, kuma ba na so. Mu juya."

"Shi ne."

"Shi wa?"

"Idon Tsohuwa. Haka yake yi, na rantse da kabarin uwata haka yake yi. Shekara sittin da takwas ban ji ba, amma ko a mace nake zan gane shi." Hawaye suka zubo daga fararen idanun nan. "Ya buɗe, Herlinda. Ya huce."

A daidai nan muke wuce gonar Fidencio, maƙwabcinmu, yana tsugune a gaɓa yana wanke jan radish da ya tono a lambunsa, yana ta mamakin yadda ruwa ya yi masa nisa da hannu. Ya ɗago ya gaishe mu. "Don Macario, an tashi lafiya? Wai wa ya sha mana ruwa cikin dare?"

"Fidencio! Bar wannan! Idon Tsohuwa ya buɗe!"

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Saurara da kyau! Maza ka shiga unguwa, ka gaya wa Doña Eufrosina ta fito da gicciyen nan da ke ɗakinta, a buga ƙararrawa. Ka ce ni Macario na ce."

Na miƙe a kan gwiwa. "Fidencio, kada ka je ko'ina! Ba mu ga komai ba tukuna!"

Ya dube ni, ya dubi Baba. Wa zai ji tawa? A unguwarmu in Don Macario ya yi magana a kan ruwa, an gama. Ya gicciye kansa, ya watsar da radish, ya faɗa cikin ɗan ƙaramin kwale-kwalensa ya nufi unguwa yana tuƙi kamar an koro shi. Na bi shi da zagi har sai da ya ɓace, ko waiwaye bai yi ba.

Baba ya caka sanda ya tura mu gaba da ƙarfin da na manta yana da shi.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan: ban iya iyo ba. Shi ma bai iya ba. Rabin mutanen da ke kwana su tashi a kan ruwan nan ba su iya ba, don ba mu taɓa ganin dalili ba. Ruwa ne mai ladabi, in ka faɗa ka miƙe tsaye, a yi maka dariya, a miƙo maka sanda. Wannan tunanin ne ya zo mini muna shan kwanar.

Muna juyowa na gan shi.

A tsakiyar hanyar ruwan, daidai inda Baba ya saba cire hula, ruwa yana juyawa. Faɗin wurin ya kai ɗaki guda. Gefensa sumul, launin ƙasa, tsakiyarsa kuwa ya lotsa ciki kamar mazurari, baƙi, ba a ganin ƙarshensa. Duk abin da ya wuce mu a nan yake taruwa. Na ga wani guntun katako da ya kai tsawona ya zagaya sau biyu, ya miƙe tsaye, ya shige. Bai sake fitowa ba. Ƙasan ruwan ne ya tsage, ruwan garin yana tsiyayewa ta ramin. Tsakaninmu da shi bai fi tsawon kwale-kwale shida ba.

"Baba, tsaya! Tsaya, don girman Allah! Rami ne!"

"Me kika gani? Faɗa mini, ruwan ya yi fari?"

"Rami ne, na ce! Ruwa shiga yake, ba fitowa ba!"

"Yana juyawa?"

"Yana juyawa, yana haɗiye komai!"

Sai ya yi murmushi, murmushin da har yau ban manta da shi ba. "Ai haka yake juyawa. Ke ba ki taɓa ganin ido ba, 'yata, a cikin ƙazanta kika girma. Kada ki ji tsoro. Ɗauki tukunya biyu masu kyau, mu ne za mu fara zuba masa."

Ya sake tura mu.

Na yi ihu, na yi roƙo, na kira shi da sunayen da ɗiya ba ta kiran ubanta da su. Ko a jikinsa. Addu'a yake yi da harshen kakanni, wanda ni ban iya ba sai kalma ɗai-ɗai. Na ga in na tsaya ihu za mu mutu ina ihu. Na kwanta rub da ciki a kan furannin na fara rarrafe zuwa baya. Tukwane suna fashewa a ƙarƙashina, kwale-kwalen yana tangaɗi, ruwa yana leƙowa ta gefe. Ban kalli ramin ba, amma ina jin sautinsa yana ƙaruwa a bayana. Yanzu ba ɓul-ɓul ba ne, wani irin zuƙa ne mai tsawo da ba ya yankewa.

Na kama ƙafarsa. "Baba, caka sandar ka riƙe. Sau ɗaya kawai. In ka yi mini wannan, da hannuna zan zuba furannin."

"Ke dai ba ki da haƙuri."

"Riƙe!"

Ya caka ta a taɓo ya jingina. Kwale-kwalen ya tsaya, amma yana fizga kamar akuyar da aka ɗaure. Na ga girarsa ta ɗan haɗe, don ya ji nauyin a kafaɗarsa. Na fizgo hannunsa na hagu na ja shi ƙasa har ya durƙusa, na tsoma hannun cikin ruwa zuwa gwiwar hannu.

"Kai ne masani. Gaya mini. In ido ne ya buɗe, ina ruwa zai tura mu?"

Na ƙara danna hannun cikin ruwan.

"Baya zai tura mu, ko ba haka ba? Daga wajensa zai zo. To ji da kanka. Daga ina yake zuwa?"

Ya buɗe yatsunsa a cikin ruwan. Ina kallon ruwan yana dukan bayan hannunsa yana ratsa yatsun yana wucewa gaba. Ya juya tafin, ya sake juyawa. Ya ɗebo kaɗan ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta saki gaba ɗaya, kamar an zare mata wani abu daga ciki. Tausayinsa ya kama ni har na manta da tsoro na ɗan lokaci, amma ba mu da lokacin tausayi.

Ya ce, murya can ƙasa, "Nawa ya rage?"

"Kwale-kwale uku. Ƙila bai kai ba."

"Wace gaɓa ce ta fi kusa?"

"Ta hagu."

"Akwai itace?"

"Akwai, guda biyu."

"Koma gaba ki ɗauki igiya. Zan juya miki kan zuwa can. Kada ki yi tsalle sai kin kama reshe."

Ya miƙe. Wannan karon muryar Don Macario ce da na sani. Na sake rarrafawa a kan fasassun tukwane, tafin hannuna ya yanke ban ma ji ba. Ina isa gaba ya zare sandar, nan take ruwan ya fizge mu. Ya caka ta can gefen dama, ya kwanta a kanta da duk nauyinsa, na ji wani nishi ya fito daga ƙirjinsa. Kan kwale-kwalen ya fara juyawa zuwa hagu, a hankali, a hankali, har na ga kamar ba zai kai ba. Reshen farko ya wuce ta saman kaina, na kai hannu na kama iska. Na biyun na cafke shi da hannu biyu.

Gaɓar ta yi tsawo saboda ruwan ya janye, ga santsi. Na cusa igiyar a baki, na taka saiwa, na zame, na sake takawa, na hau da gwiwa da farce. Na zagaya igiyar a gindin itacen sau uku na ƙulle.

"Na ɗaure! Baba, na ɗaure, taho!"

Da na juyo na ga abin da ban lissafa ba. Kan kwale-kwalen yana wajena, amma gindinsa, inda Baba yake tsaye, yana can tsakiyar ruwa, sandar ce kawai ta hana shi lilo zuwa bakin ramin. Sandar ta lanƙwashe. In ya sake ta, gindin zai juya da shi kai tsaye wurin. In bai sake ta ba, za ta karye, ko hannunsa ya gaji. Tsakaninsa da ni kuwa tsawon kwale-kwale guda ne cike da fasassun tukwane, ga shi ba ya gani.

"Kin taka ƙasa?" ya tambaya.

"Na taka."

"Kada ki yi mini ƙarya, Herlinda."

"Ina kan gonar mutane, ga latas nan a ƙafata! Saki sandar ka rarrafo!"

"In na saki zai juya."

"Na sani! Ka fi shi sauri!"

Sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Kaɗan ne, kamar an ja tabarma. Na dubi itacen da na ɗaure igiyar na ga ya fara sunkuyawa wajen ruwa, ƙasar gindinsa tana tsagewa, saiwoyi suna tsinkewa tas-tas. Gaɓar da ruwa ke tallafe da ita ɗaruruwan shekaru ta rasa abin jingina.

"Baba, itacen zai tafi! Yanzu!"

Ya saki. Sandar ta miƙe, ta yi rawa, ta faɗi, ruwa ya tafi da ita. Gindin kwale-kwalen ya fara lilo. Baba ya zube da hannu da gwiwa ya fara rarrafowa cikin furannin, ni kuwa na kwanta a bakin gaɓa na maƙale ƙafata a ɗaya itacen, ina kiransa ba tsayawa don ya bi muryata. Nan, Baba, nan, miƙe sosai, kada ka karkata, nan. Bayansa na ga gindin ya isa gefen juyin ya fara sunkuyawa, ruwa ya haura ciki, tukwane suka fara gangarawa baya suna dukansa a hannu da fuska. Kamar tudu yake hawa. Hularsa ta tafi. Saura taku uku, saura biyu, na miƙa hannu har kafaɗata ta yi ƙara.

Ƙarfen da igiyar ke ɗaure a jikinsa ya fizge daga katakon. Kwale-kwalen ya zame daga ƙarƙashinsa, Baba ya faɗa ruwa har ƙirji, amma na riga na kama wuyan hannunsa. Ruwan ya ja ƙafafunsa ya shimfiɗa shi. Ban san yana da nauyi haka ba. Jinin tafina ya sa hannun santsi, ina ji yana zamewa kaɗan-kaɗan.

"Sake ni," in ji shi. "Zan jawo ki."

"Rufe mini baki, tsohon banza! Kama saiwa! Ga ta nan a damanka!"

Ya lalubo ta. Na saki hannun na damƙi ɗamararsa na ja, ya tura da gwiwa, na sake ja, har muka zube tare a cikin latas. Na ja shi nesa da gaɓar, don ban yarda da ita ba. Muna kaiwa tsakiyar gonar itacen da na ɗaure igiyar ya tafi da guntun ƙasarsa gaba ɗaya.

Na ga ƙarshen kwale-kwalenmu. Ya zagaya sau uku, ya ɗaga kai sama, ya tokare a bakin ramin, furannin suka zube. Na ɗan lokaci juyin ya koma rawaya gaba ɗaya, sannan ya koma launin ƙasa. Na zauna a cikin latas, na kasa ko kuka. Baba yana kwance a gefena yana tari, laka har gashinsa.

A lokacin ne ƙararrawar cocin unguwa ta fara bugawa.

Da farko ban haɗa ba. Na ɗauka wani ya ga abin da ya faru yana kiran taimako, har na ce Allah ya yi masa albarka. Sai na lura da irin bugun. Ba na gobara ba ne, na biki ne, mai sauri da murna. Can kuma na ji an harba tartsatsin biki sama, fau, fau. Baba ya tashi zaune.

"Fidencio," ya ce.

Sannan muka jiyo waƙa. Daga lungun da muka biyo take zuwa, muryoyin mata da tsofaffi, kuma ba ta da nisa, don ruwan da kansa yake kawo su. Kwanar ta tare musu gani kamar yadda ta tare mana. Sai sun sha ta za su ga ramin, in sun sha ta kuwa da jirage masu nauyi, babu mai juyawa.

Na tashi da gudu na ratsa gonar zuwa ɗaya gefen da ke kallon lungun, ina tattake latas ɗin mutane. Na hango su. Jirage huɗu a jere, na gaba babba ne, Doña Eufrosina tana tsaye a kansa rungume da gicciyen da aka adana a ɗakinta tun kafin a haife ni. Mutum ya fi ashirin a ciki, tsofaffi da mata, wasu da goyo, kowa da fure a hannu. Fidencio ne ke tuƙa su yana washe baki.

Na ɗaga hannuwa ina ihu. "Ku tsaya! Ku koma! Rami ne! Ku kama gaɓa!"

Wasu suka ɗago mini hannu suna dariya. Wata ta ce, "Ga Barkono can, ko yau ma faɗa take!" Doña Eufrosina ta ɗaga murya, "Herlinda, ki ji tsoron Allah, yau ba ranar baki ba ce! Ina mahaifinki?"

"Ƙasa ce ta tsage! Ta cinye mana kwale-kwale! Ku dubi jinin hannuna!"

"Don Macario da kansa ya aiko," in ji Fidencio. "Ke me kika sani a kan ido?"

Suka ci gaba da waƙa. Tsakaninsu da kwanar bai fi jifa ɗaya ba. Na duba ko'ina ko zan sami dutse in jefi Fidencio, babu, ƙasarmu ba ta da dutse. Na juya zan koma in ɗauko Baba sai na gan shi tafe. Ya biyo muryata shi kaɗai, yana tuntuɓe a kan kunyoyi, hannu a gaba, ba hula, ba sanda, ruwa yana tsiyaya daga wandonsa. Na riƙe shi na kai shi bakin gaɓa na juya fuskarsa wajensu.

Suna ganinsa suka ɓarke da sowa. Wani tsoho, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ɗaga hula yana kuka yana cewa, "Macario! Mun ga ranar! Har ka shiga ka yi wanka, ɗan nema!"

Baba ya damƙe hannuna. Na ce masa a kunne, "Saura kaɗan su sha kwanar, Baba. Akwai jarirai." Ya ja numfashi.

"Ba ido ba ne!"

Waƙar ta fara yankewa daga gaba.

"Ba ido ba ne! Ni na faɗa, kuma ƙarya na faɗa muku! Fidencio, caka sandarka yanzu, caka ta hagu! Ku na baya, ku kama itace! Ku ɗaure nesa da kwana!"

Fidencio ya caka. Na ga yadda jirgin ya fizge shi, na ga murmushin ya bar fuskarsa. Jirgi na biyu ya daki na farko, mata suka yi kururuwa, maza suka fara cafke rassa, aka riƙa miƙa yara hannu-hannu zuwa gaɓa. Aka ɗaure jiragen har na huɗu. Da waƙar ta mutu, kowa ya ji sautin zuƙar nan daga bayan kwana.

Doña Eufrosina ce kaɗai ba ta sauko ba. Tana tsaye a jirgin rungume da gicciyen, ta dubi Baba ta ce, "Macario, ka tabbata? Kai ba ka gani. Ƙila yarinyar nan ce ta tsorata ka."

"Na sa hannuna a ciki, Eufrosina."

"Ƙila farkon buɗewa haka yake. Mu ɗan jira mana."

"Ba zai buɗe ba," in ji Baba. "Mayar da gicciyen gida."

Ƙararrawar tana ta bugawa, don ba wanda ya je ya gaya wa mai bugun. Baba ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe kunnuwansa da tafukan hannu biyu, ya ce mini in roƙi wani ya je ya ce a daina.